Kafin alƙalamin motar haɗa-da-kanka: nawa ake bayarwa, kuma yaushe ake ciko?

Bakano_a_Coventry:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, ko masu sanin dokar ciniki a nan Ingila.

Shekarata shida ina aiki a Coventry. Zanen kayan injin mota nake yi a kwamfuta, amma har yau ban taɓa ɗaure noti ɗaya a motar da zan ce ni na haɗa ta ba. Tun ranar da wani abokin aiki ya ja ni baje kolin motoci na Stoneleigh na ga ƙananan motocin nan masu kujera biyu marasa rufi, ƙirar Lotus Seven, waɗanda kamfani zai sayar maka a wargaje ka kai gida ka haɗa da hannunka, abin ya shiga raina ya ƙi fita. Turawa na kiransu kit car. Uwargida kuma amalanken Bature take ce musu, amma dai ta yarda in kwashe tarkacen gareji.

Na riga na sayi tsohuwar Mazda MX-5 ta 2003 a kan fam 1,900. Tsatsa ta cinye ƙasanta amma injin lafiya lau, daga jikinta zan ciro inji da giyabos da sauran abin da zai yi amfani. Saura kayan haɗin kansu. Na yi magana da wani ƙaramin kamfani, ba zan kama suna ba, sun turo min lissafi fam 18,600 har da harajin VAT. Sharaɗinsu: in ba da fam 1,500 yanzu don a sa ni a layi, kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a mayarwa. Ranar da za a fara waldar shasi in ba da rabin abin da ya rage, wato fam 8,550. Ciko kuma kwana bakwai kafin in je ɗauka. Jira mako 16 zuwa 20. Sun fi son tiransifa ta banki, kuma mai kamfanin ya ce min a waya in na biya duka a yau zai rage min kashi 5 cikin ɗari, fam 930 ke nan, kuɗin tayoyi huɗu har da canji.

To ni fa gabana faɗuwa yake. Wannan ba cinikin biri a sama ba ne? Kuɗin nan shekara uku na yi ina tarawa. Haka tsarin yake ko'ina, ko ni aka raina? In karɓi ragin in biya duka? In kamfanin ya rufe kafin su gama, ina zan kama?

Baba_Mai_Sifana:

Wa alaikumus salam. Yaro, ba raina ka aka yi ba, haka harkar take. Na haɗa biyu a nan Sheffield, ta farko da kayan Ford Sierra tun ana samunta a bola, ta biyu bayan na yi ritaya. Duka biyun sai da na ba da kafin alƙalami, kuma duka biyun sai da na biya tas kafin kaya su fita daga ƙofar masana'anta. Ba wanda zai loda maka shasi a tirela ya ce ka kawo ciko in ka samu. Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne. Yawancin waɗannan kamfanoni mutum biyar ne ko goma a cikin rumfar ƙarfe, ba su da jarin da za su tara kaya su jira mai saye. Sai ka yi oda za su yanka bututu, su zuba bodin faiba da launin da ka zaɓa. In ka fasa, wa zai sayi bodi ruwan ɗorawa mai ratsin kore? Shi ya sa suke riƙe wani abu.

Fam 1,500 a kan 18,600 bai kai kashi goma ba, wannan bai tayar min da hankali ba. Biya na biyu ne abin dubawa, sai kuma ragin nan da aka yi maka a waya.

Ka san telan sallah? Wanda zai karɓi kuɗinka da azumi goma, ya sayi zaren da zai ƙarasa ɗinkin wanda ya kawo tun Sha'aban, kai kuma naka sai an samu wani ya kawo nasa? Muddin sababbi na zuwa ba a gane komai. Ranar da suka daina zuwa, na ƙarshen layi shi ke sallah da tsohuwar riga. Ba na ce kamfaninka haka yake ba, ban san su ba. Amma ɗan kasuwar da zai yafe fam 930 don kuɗi su shigo yau maimakon wata huɗu, ka tambayi kanka me ya matsa masa. Ni ba zan karɓa ba.

Kafin ka tura ko kwabo, ka ɗauki rana ɗaya a wajen aiki ka je masana'antar. Kada ka je Asabar da aka share wuri aka dafa shayi, ka je Talata da hantsi. Gani ya kori ji. Ka duba ko akwai shasi a kan teburin walda, ka ƙirga nawa ne, ka duba ko kowanne da takardar sunan mai shi a rataye. Ka leƙa kantocin ajiya, cike suke ko ƙura ce. Sannan ka shiga ƙungiyar masu irin motar, kowane kamfani yana da ita, ka tambayi waɗanda suka karɓi kaya cikin wata shida da suka wuce: mako nawa aka ce musu, mako nawa ya zama, kuma me aka biyo su. Maganar biyo baya ɗin nan babba ce. Za a ba ka kwalaye da takardar abin da bai iso ba, a ce za a aiko. A motata ta biyu wata uku na yi ina jiran tankin mai da na riga na biya, ga mota a tsaye kan jak, kullum in leƙa ta in rufe gareji. Ka nemi a rubuta cewa ba za ka biya kuɗin abin da bai iso ba sai ya iso. Wasu za su yarda, wasu a'a, amma tambaya ba ta ɓaci.

Biya na biyu kuwa, kada ya zama "ranar da za a fara walda". Ya zama ranar da aka gama shasi aka buga masa lamba, aka turo maka hoto, aka rubuta lambar a kan rasit da sunanka. In ma za su yarda ka sayi kayan kashi-kashi, ya fi. Da yawa suna sayar da kayan farko daban, wato shasi da falankin alminiyam da ƙafafu, ka biya ka ɗauke, sai bayan wata uku ka dawo ka sayi na burki da wayarin, bodi a ƙarshe. Za ka ɗan ƙara kuɗin zirga-zirga, farashi ma yana iya hawa a tsakani, amma duk abin da ka biya yana garejinka kana kallonsa. Ai ko ba komai ba za ka taɓa bodi ba sai bayan shekara, wuri kawai zai cinye maka.

Kuma ka cire 18,600 daga ranka a matsayin kuɗin motar. Akwai gwajin IVA, wanda hukumar gwajin motoci ta DVSA ke yi wa motar kafin ta hau titi, shi ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009. Ni fam 450 na biya, na faɗi saboda wasu kawunan noti masu kaifi a gaba, mai gwajin yana da wata ƙwallo da yake gogawa a jikin mota, duk inda ta taɓa dole ya zama a dakushe. Na sake biyan fam 90. Sai fam 55 na rajistar farko a hukumar rajistar motoci ta DVLA, da harajin hanya, da hayar tirela, da inshorar kayan tun suna gareji, da kayan aikin da ka ɗauka kana da su. Kowane rasit ka adana shi, na shasi, na Mazda, har takardar rajistarta kada ka yar. DVLA a Swansea da su za ta yanke wace lamba za ta ba ka. In ka nuna sabon shasi da manyan kaya biyu daga Mazdar, za ka samu lamba mai shekarun Mazdar. In ba ka da hujja, lambar Q za a liƙa maka, ta motar da ba a tabbatar da shekarunta ba, ita kuwa cire ta da wuya. Hotuna ma ka riƙa ɗauka kana aiki, da kai a ciki, don za a nemi shaidar kai ka haɗa.

Hajiya_Akanta:

Baba ya gama magana a ɓangaren ƙarfe. Ni mota ba ta dame ni ba, amma lissafin ƙananan kamfanoni nake yi a Manchester, bari in taɓa ɓangaren takarda.

Ƙanena, ka biya kafin alƙalamin da katin bashi, ba katin cirar kuɗi ba, ba tiransifa ba. Sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ce in farashin abu ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, kuma ka biya wani ɓangare da katin bashi, to bankin da ya ba ka katin yana ɗauke da alhaki daidai da mai sayarwa in aka saɓa yarjejeniya. Mutane da yawa ba su san cewa ba sai ka biya duka da katin ba. Ko fam 200 ka sa a kati ka tura sauran ta banki, kariyar ta rufe dukan cinikin, ba 200 ɗin kawai ba. Naka 18,600 yana ciki. Da irin motocin kamfanin Caterham ne da farashinsu ke haura 30,000, da sashen bai yi maka aiki ba, don farashin kayan ake dubawa, ba abin da ka sa a kati ba. Katin ya zama naka da sunanka, odar ma da sunanka, kuma ka biya kamfanin kai tsaye. In ka bi ta wani ɗan tsakiya mai karɓar kuɗi, banki na iya cewa igiyar ta tsinke.

Katin cirar kuɗi yana da nasa tsarin dawo da kuɗi, amma wannan ƙa'idar Visa da Mastercard ce, ba dokar ƙasa ba, kuma galibi kwana 120 ne wa'adinsa. Tiransifa kuwa in ta tafi ta tafi. Tsarin biyan waɗanda aka damfara da ya fara aiki a Oktoban 2024 na damfara ne. Kamfanin gaskiya da ya karye ba ya ciki.

In kamfani ya karye, kai mai kafin alƙalami kana can ƙarshen layi. Masu jingina, da masu kula da rushewar, da ma'aikata, da hukumar haraji duk suna gabanka. Za ka cike takardar bin bashi ka jira, abin da zai iso gare ka sau da yawa bai kai na cefane ba. Nan ne maganar Baba ta lambar shasi ke da nauyi a shari'a. Kayan da ba a ware ba ba su zama naka ba ko ka biya. Amma in an ware shasi takamaimai mai lamba, an rubuta cewa mallaka ta koma hannunka da zarar ka biya, kana da hujjar cewa wancan nawa ne, ba dukiyar kamfani ba ce. Kada ka ce tsufan kamfani kariya ne. Masana'antar Westfield ta kusa shekara 40 tana wannan sana'a, amma a Yunin 2022 ta faɗa hannun masu kula da bashi kafin daga baya wasu su saye ta.

"Ba a mayarwa" ɗin da aka rubuta ba aya ba ce. Dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ba ta yarda da sharaɗin zalunci ba, kuma abin da za su riƙe in kai ka fasa ya kamata ya yi daidai da asarar da ka jawo musu da gaske. In su suka kasa cika alkawari, kuɗinka ne gaba ɗaya. Sai dai kada ka dogara da kwana 14 ɗin nan na fasa cinikin intanet, domin bai shafi kayan da aka ƙera bisa zaɓinka ba. Ka sa a rubuta rana ta ƙarshe, wadda in ta wuce ba kaya kana da ikon fasawa a dawo maka da komai. Ka sa a rubuta cewa farashin ya tsaya.

Ka shiga shafin Companies House, wato hukumar rajistar kamfanoni, kyauta ne. Duba ko suna shigar da lissafinsu kan lokaci, ko akwai jingina a kansu, ko daraktan ya taɓa rufe wani kamfani mai kusan suna ɗaya. Ranar da za ka tura babban kuɗi kuma, ka kira su a lambar da ka sani tun farko su karanta maka lambar asusu da baki. Imel ɗin da zai zo ya ce "mun canza banki" ya talauta mutane da yawa.

Bakano_a_Coventry:

Baba, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ragin ya fita daga raina. Sai dai Hajiya, ni tun zuwana ƙasar nan ban taɓa riƙe katin bashi ba saboda kuɗin ruwa. Kuma wani ya ce min shi kansa kafin alƙalamin da ba a mayarwa akwai magana a kansa a addini. Ko akwai mai haske?

Almajirin_Leeds:

Akwai magana, Malam. A fiƙihu ana kiransa bai'ul arbun: ka ba da wani abu, in ciniki ya faɗa a lissafa shi cikin kuɗi, in ka fasa mai kaya ya riƙe. Malikiyya, mazhabar da akasarinmu muka tashi a kai, sun hana, haka Hanafiyya da Shafi'iyya, suna ganin cin dukiya ne ba tare da musaya ba. Hambaliyya sun halatta. Majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta shi a zamanta na Brunei a 1993, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Sannan naka ba sayen abin da ke ajiye ba ne, sa ƙira ne, abin da ake kira istisna'i, kamar ka sa kafinta ya yi maka gado. Majalisar ta yi hukunci a kansa a Jidda a 1992, ta yarda a biya kashi-kashi ko a jinkirta, matuƙar an fayyace siffar abin da lokacin gamawa. Ka ga ranar ƙarshe da Hajiya ta ce a rubuta, fiƙihu ma ita yake nema.

Kati kuwa malamai sun rabu. Wasu sun ce sa hannu a yarjejeniyar da ke da sharaɗin riba bai halatta ba ko ba za ka taɓa biyan ta ba. Wasu, musamman masu ba da fatawa ga mazauna Turai, sun sassauta ga wanda ya tabbata zai biya duka kafin ruwa ya hau. Ni ɗalibi ne, ka zauna da malamin da ka natsu da shi.

Na_Ƙone_Sau_Ɗaya:

Ni na karɓi irin ragin nan. Wani kamfani ne daban, shekarun baya, mota ƙirar Cobra. Mutumin kirki a fuska, har gidansa na ci abinci. Na tura fam 11,000 ta banki. Wata biyu yana ɗaga waya, yau mai faiba ya yi rashin lafiya, gobe ƙarfe bai iso ba. Sai wata rana na tuƙa awa uku na tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda a manne. Na leƙa ta taga, ga shasi uku a jere a ƙasa, wallahi ɗaya nawa ne, don na gane maƙalin sitiyarin da na sa a ɗaga min saboda tsawona. Amma ba lamba, ba suna, rasit ɗina "kuɗin kaya" kawai aka rubuta. Aka yi gwanjonsu tare da injin walda. Abin da aka aiko min bayan shekara biyu ban ma gaya wa matata adadinsa ba.

Na ƙarasa da sayen wadda wani ya fara ya gaji, rabi a haɗe, na biya a ƙofar garejinsa bayan mun ƙirga kwalaye ɗaya bayan ɗaya da rasitansu. Ka duba wannan hanyar ma, irinsu sun cika kasuwa, kuma da araha.

Ɗan_Houston:

A nan Amurka abin ya ɗan bambanta. Kamfanin Factory Five da ke Wareham a jihar Massachusetts, dala 1,000 ake bayarwa a ba ka ranar ƙira, ciko kuma kafin kaya su bar masana'anta, sai a haɗo maka da takardar shaidar asali da za ka yi rajista da ita a jiharka. Babban kamfani ne, ba ya bukatar kuɗinka a tsakiya. Wata tambaya ta daban: kana da niyyar kai ta gida wata rana? In eh, ka faɗa musu tun a oda a yi maka sitiyarin hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma ba a yarda da mai sitiyarin dama ba. Bayan an yi walda canzawa aiki ne.

Bakano_a_Coventry:

Ɗan Houston, motar da tsakaninta da ƙasa bai fi tafin hannu ba, ina ita ina hanyar unguwarmu da damina? A nan za ta zauna.

Na dawo da labari. Na je ranar Talata kamar yadda Baba ya ce, ban sanar ba. Mutum bakwai na ƙirga suna aiki, shasi huɗu a layi, kowanne da kwali a ɗaure da waya an rubuta sunan mai shi da alli mai maiƙo. Kantoci ba laifi, sai dai na fitilu da na kujeru kusan wayam. Da na tambaya, matar da ke ofis ta ce kujeru ne ke ba su wahala a bana, ba ta ɓoye ba. Companies House kuma lissafinsu na shiga kan lokaci, jingina ɗaya ce ta banki tun da daɗewa.

Mun zauna da mai kamfanin. Kashi-kashi ya yarda nan take, ya ce shi ma ya fi masa sauƙin wuri. Kayan farko fam 6,900. Lambar shasi a rasit da maganar mallaka ya yarda. Ranar ƙarshe ce muka ja, ni na ce mako 20, shi ya ce 30, muka tsaya a 26. Tsayar da farashin sauran kayan ya ƙi, ya ce wata shida kawai zai iya riƙewa, na ga da gaskiyarsa. Kafin alƙalami ya sauko zuwa fam 750 tunda odar ta ragu. Na yi magana da limaminmu, na buɗe kati, na biya da shi, na goge bashin a daren tun kafin in kwanta.

Baba, an ce in zo da tirela mai tsawon aƙalla ƙafa 12 da bargo biyu saboda falankin alminiyam. Ƙofar garejina kuma na auna ta jiya, faɗinta ya wuce na shasin da ɗan yatsa huɗu kowane gefe. Mutum nawa kuka ɗaga taku ranar da kuka sauke?